Bargon Marina: Abin da Darasin Aji Ya Gyara, da Abin da Aka Hana Shi Taɓawa

Aikin da wannan nazari ya shafa bargon ado ne na haɗin ƙyallaye, irin wanda ba a lulluɓa da shi, sai dai a rataye a bango a kalla. Wadda ta fara shi tela ce a cikin birnin Kano, mai ɗinkin mata, ta haura shekara ashirin tana taka keke. Shagonmu ɗaya, shi ya sa na ga aikin tun daga fito da shi daga akwati har hawansa bango. Kowa a layin Hajiya yake ce mata, ni ma haka zan kira ta a nan.

Abin da ta yi niyyar fitarwa da ƙyalle shi ne marinar Ƙofar Mata in an leƙo ta daga sama: bakunan ramukan rini zagaye-zagaye, shuɗi mai duhu, a kan ƙasar da toka da ruwan baba suka rina. Tsawon da ta tsara santimita 130 ne, faɗi 95. Yawancin ƙyallayen ragowar shago ne, atamfa da shadda da yadi, irin waɗanda ake tarawa a buhu ƙarƙashin tebur. Amma zannuwa uku ba daga buhu suka fito ba. Na mahaifiyarta ne, ta same su a rabon kaya bayan rasuwarta: atamfa Holan mai ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa, saƙin hannu baƙi da fari, da wani rinannen zane bugagge mai sheƙi wanda marigayiyar ta adana ba ta taɓa ɗaurawa ba. Daga wannan na ukun Hajiya ta yanko ramukan, guda goma sha ɗaya, kowanne faɗinsa santimita 18. Duk hukuncin da aka yanke daga baya, wannan bambanci ne a ƙarƙashinsa. Wani ƙyallen in ya lalace sai a koma buhu, wani kuwa in ya lalace ya tafi ke nan.

Lokacin da ta ninke shi ta ajiye, fuskar kaɗai aka yi, ita ma kashi biyu cikin uku. Babu ciko, babu baya. Ƙasar an haɗa ta da dogayen yankan ƙyalle a kwance, aka ɗora ramukan a kai, aka kalmashe bakinsu aka bi da keke. Ɗinkin kansa babu inda za a kushe, layi a miƙe, mahaɗa a kan mahaɗa. Duk da haka ya yi kusan shekara uku a akwati. In an tambaye ta dalili, abin da take cewa ɗaya ne: ba ta ga aibun da za ta farke ba, amma in ta shimfiɗa shi idonta ba ya samun wurin zama.

Ajin da ta shiga

'Yarta ce ta yi mata rajista a wani aji na intanet na mako shida, malamar tana Amurka, ɗaliban daga ƙasashe daban-daban. Hajiya tana jin Turanci daidai gwargwado, inda ya yi mata sauri 'yar ta fassara. Ajin ba na koyon ɗinki ba ne, na tsara bargon ado ne, kuma yana da tarihin da ya haife shi. A Amurka haɗa bargo da ƙyallaye tsohon aikin gida ne na mata, na maganin sanyi. Abin da ya ɗaga matsayinsa shi ne baje kolin da gidan adana kayan fasaha na Whitney da ke New York ya yi a 1971, inda aka rataye tsofaffin barguna a bango don a kalle su yadda ake kallon zanen fenti. A 1979 aka fara baje kolin Quilt National a garin Athens na jihar Ohio, na bargunan da tun asali don kallo aka ɗinka su. Nancy Crow tana cikin waɗanda suka kafa shi, kuma daga baya ta yi suna wajen koyar da yanka ƙyalle da ido, ba tare da rula ba. A 2002 kuma aka baje bargunan matan Gee's Bend a birnin Houston, sannan a Whitney. Gee's Bend ƙaramin ƙauyen baƙar fata ne a jihar Alabama, matansa jikokin bayi, da yawa daga bargunansu da tsofaffin wandunan gona aka haɗa su. Da hotunan waɗannan malamar ta buɗe darasin farko, kuma Hajiya ta ce a ranar ta fara yarda cewa tsohon zane yana iya hawa bango ba tare da an ji kunyarsa ba.

Ginin jikin bargon kuwa bai zame mata baƙo ba. Fuska a sama, ciko a tsakiya, baya a ƙasa, a bi da ɗinkin da zai ratsa ukun ya riƙe su. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan lifida a hawan Sallah ya ga wannan tsari a jikin doki da mahayinsa.

Abin da ta fito da shi daga ajin ta rubuta a bayan littafin awon kwastomomi. A yi aiki a tsaye a jikin bango, ba a kwance a kan tebur ba. Haske da duhu suna gaba da launi. Kada komai ya yi daidai da komai, sai an ba ido inda zai sauka. Sai wanda malamar ta fi nanatawa: aikin da ya ƙi, a sa masa almakashi, a raba shi huɗu ko shida, a jujjuya yankunan a sake haɗawa.

Duka gaskiya ne a muhallinsu. Sai dai a aji, a kan yadi mai araha ake gwada su, wanda aka sayo don gwajin, in ya ɓaci a jefar a yanko wani. Aikin da aka riga aka fara ba haka yake ba. An ci rabin kayansa, an yanke hukunce-hukunce da yawa da idon da bai ga darasin ba, kuma a wannan lamarin wasu ƙyallayen ba su da na biyu a duniya. Abin da Hajiya ta yi, wanda a ganina shi ya ceci bargon, shi ne ta raba darussan gida biyu: waɗanda kallo kawai suke buƙata, da waɗanda sai an sa almakashi. Ta ce ba za ta yanka ko zare ɗaya ba sai na farkon sun gama faɗa mata abin da za su faɗa.

Abin da bango da hoton waya suka tona

Malamar tana amfani da wani yadi mai gashi-gashi wanda ƙyalle ke mannewa a jikinsa ba tare da fil ba. Hajiya ba ta tsaya nemansa ba. Allon silin ta sayo, ta lulluɓe shi da akoko, ta riƙa kafa aikin da fil. Shagon ƙarami ne, ba a iya ja da baya sosai, don haka da hantsi sai yara su fitar da allon ƙofar shago su jingina, ita ta tsallaka layin ta kalla. Abu biyu suka fito nan take waɗanda tebur ya ɓoye shekara uku. Gefen dama ya fi na hagu tsawo, yana tattarewa yana lanƙwasa maimakon ya sauka a miƙe. Ramukan kuma sun yi jeri, girma ɗaya, tazara ɗaya, kamar maɓallai a gaban riga.

Babban abin sai da aka ɗauki hoto da waya aka mayar da shi baƙi da fari. Ƙasar bargon da ke ɗauke da ja da kore da ruwan ƙasa da ruwan goro, duk ta koma toka iri ɗaya daga sama har ƙasa. Jan atamfa da koren shadda, da ido ke gani a matsayin abu biyu masu nisa, duhunsu ɗaya ne, don haka a hoton babu iyaka tsakaninsu. Wuri ɗaya tak ke da haske na gaske, wani yankin farar shadda a can bakin sama, kuma shi ne ke fizgar ido ya fitar da shi waje. Abin da Hajiya ta kasa sa wa suna ke nan. Launi ya yi yawa, amma babu inuwa babu rana.

Ta zazzage buhun ta raba ƙyallayen tsibi biyar, daga mafi haske zuwa mafi duhu, duk wanda ta yi shakka sai ta ɗauki hotonsa kusa da wanda ta tabbatar. Tsibi na uku ya yi tudu. Na ɗaya da na biyar ba su cika tafin hannu biyu ba. Wannan ba laifin buhunta ba ne, haka buhun kowane telan mata yake. Atamfa don a ɗaura ta ita kaɗai aka tsara ta, kowace tana da haskenta da duhunta a cikin zanenta. In aka yanka ta ƙanana aka jera kusa da wasu goma, daga nesa sai kowace ta narke ta zama matsakaiciya. Kuma kwastoma ba ta cika kawo yadi mara zane ba, fari ko baƙi, balle a sami ragowarsa.

Dabarar da aka koyar a aji don samun haske ita ce a juya bayan yadi, domin yawancin yadin da suke amfani da shi can gefe ɗaya aka buga, bayansa ya fi koɗewa. A kan Holan wannan bai yi aiki ba ko kaɗan, saboda atamfa ta gaske ciki da waje kusan ɗaya ne. A kan ƙananan atamfofi masu araha kuwa, waɗanda ake rainawa don bayansu fari-fari ne, ya yi aiki sosai. Daga cikinsu ta cike tsibi na biyu, ta ƙara da akoko da aka wanke.

Duhu kuma ba daga aji ya zo ba. Ta kwashi wani kaso na tsibi na uku ta kai marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Kafin ta kai, ta gwada kowane ƙyalle da ashana a ɗan gefensa. Auduga tana ci ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, kuma irinsa ba ya shan baba yadda ya kamata, don haka ta ware shi. Dattijon da ya karɓi aikin ya jujjuya ƙyallayen ya ce, "Hajiya, atamfa mai kyau haka za ki sa a ɓata?" Ta ce, "Baba, ba ɓata ta nake so a yi ba, surutunta nake so ya ragu." Shi ya ba ta abin da ya fi darasin tsibi biyar amfani. Rinin baba ba ya yin duhu don an daɗe da jiƙa zane a rami. Zanen yana fitowa kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi, kuma duhun yana ƙaruwa ne da yawan tsomawa da shanyawa. Ashe tana iya neman mataki uku daga ƙyalle ɗaya. Ya raba mata su uku, wasu tsomi ɗaya, wasu uku, wasu har suka kusa baƙi. Ruwan ɗorawa ya koma kore, ja ya koma wani duhu mai shunayya, zanen atamfar kuma bai ɓace ba, yana nan a ƙarƙashi ga wanda ya matso. Ko ɗaya daga zannuwan mahaifiyarta bai shiga ramin ba.

Ramukan

Tsayuwar aikin a bango ta nuna wani abin kuma. Duk inda rami ya kwanta a kan ƙyalle mai haske a cikin ninki, ya bar masa tabon shuɗi. Ta jiƙa farin tsumma ta goga a kan rami ɗaya, tsumman ya fito shuɗi. Zanen sabo ne fil daga mabuga, bai taɓa ganin ruwa ba. Maƙwabta suka ce a jiƙa da gishiri, wasu suka ce ruwan tsami. Babu ɗayansu da ke riƙe baba, domin ba haɗewa yake da zaren auduga ba, maƙalewa yake a jikinsa, wanda ya yi yawa a sama kuwa dole ya fita, ko a cikin bokiti ko a jikin maƙwabcinsa. Da an cike bargon an gama a haka, damina ɗaya ta isa ta ɓata shi.

A nan ne ta fara taɓa aikin da hannu, kuma ta zaɓi abin da ake iya mayarwa. Ramukan a sama aka ɗora su, ba a cikin ƙasar aka haɗa su ba, don haka ta farke su ɗaya bayan ɗaya da bakin reza ba tare da ta yanki komai ba. Ta wanke su da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, wanki bayan wanki har ruwan ya daina rina, ta shanya a inuwa. An yi asara, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Kowane rami ya ja da kusan santimita ɗaya, sheƙin bugu kuma ya tafi gaba ɗaya. Wannan sheƙi shi ne abin da mahaifiyarta ta adana zanen dominsa, kuma Hajiya ta yi kwanaki ba ta kalli allon ba. Tabon shuɗin da ke kan ƙasar, ta cire ƙyallayen da ya fi ɓatawa, ta bar biyu da gangan, don ƙasar marina ta gaske ma haka take.

Cire ramukan ya buɗe damar sake musu wuri. Ba ta yi wasa da na ainihin ba. Takardar buhun siminti ta yanka zagaye-zagaye, manya da ƙanana, ta shafa musu bula, ta riƙa kafawa tana cirewa tana ɗaukar hoto. Da farko ta yi gardama da darasin, kuma tana da hujja: a Ƙofar Mata ramukan a jere suke, ba a warwatse ba. Amma da ta koma ta tsaya a bakin wajen sai ta lura cewa mai tsayuwa ba ya ganinsu girma ɗaya. Na gabansa babba ne mai duhu, na can nesa ƙanana ne, sun matsu da juna, shuɗinsu ya yi sanyi. Jerin ya tsaya ke nan, girman ne zai bambanta.

Matsalar ita ce ramukan mahaifiyarta duk girma ɗaya ne, ragowar zanen kuma bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Manyan na ƙasa sai ta same su ta hanyar zagaye kowanne da baki na saƙi, wanda ya zama bakin ramin da marina ke tsugunawa a kai. Saƙin sakwa-sakwa yake, yana zarewa da an yanka, sai da ta manna masa gam mara nauyi a baya kafin almakashi ya taɓa shi. Ƙananan na sama ta yanko su daga wani akoko da dattijon ya rina mata tsomi ɗaya da uku. Cikin goma sha ɗayan, bakwai suka koma fuska. Ɗaya daga cikinsu tsarin ya so a ce bakin bargon ya raba shi biyu, ita kuwa ta ninke rabin ya zagaya baya maimakon ta yanke. Huɗun da suka rage ta ɗinka su a bayan bargon.

Wurin saukar ido ya zo a ƙarshe, kuma ƙaramin abu ne. Darasin ya ce ido yana zuwa inda mafi haske ya haɗu da mafi duhu. Ta ɗauko wannan farar shaddar da ke fizgar ido daga bakin sama, ta yanko siririn yanki, ta sa shi yana shiga ramin da ya fi kowanne duhu, rabinsa fari rabinsa ta rufe da koren da ya fito daga marina, zanen da aka fara tsomawa ke nan. Ramin ba a tsakiya yake ba, yana ƙasa wajen hagu. Kewaye da shi ta tara Holan ɗin mahaifiyarta, inda ruwan ɗorawan ya zama hasken rana a ƙasa.

Darasin da aka ƙi

A zama na biyar kowace ɗaliba ta tura hoton aikinta. Malamar ta yaba wa rinin, sannan ta faɗi abin da ake tsammani: har yanzu dogayen layukan ƙasar sun yi tsauri, a yanka shi huɗu a jujjuya. Hajiya ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ɗauki almakashi ba. Ta aika aka bugo mata hoton a takarda kwafi uku, ta yanka takardun yadda aka ce, ta jera a kan tebur.

Na ga sakamakon, kuma adalci ya sa in ce malamar ba ta yi kuskure ba. Ɗaya daga cikin jerin ya fi na asali motsi nesa ba kusa ba, rabin da'ira yana karo da miƙaƙƙen layi, abin sha'awa. Da manufar ita ce a samar da siffa mai jan ido kawai, shi za a ɗauka. Amma marinar ta ɓace daga cikinsa, babu rami babu ƙasa. Ga kuma lissafi: kowace sabuwar mahaɗa tana cin milimita 6 daga kowane gefe, 12 ke nan, kuma layukan yankan guda biyu ta tsakiyar Holan ɗin za su bi, su raba ramuka uku. Yayarta da ta zo shagon ta tarar da takardun ta ce, "Ke dai kin san zanen Inna ba a Kwari za ki samo wani ba." Hajiya ta ce, "Yaya, shi ya sa takarda nake yankawa."

Amfanin wannan darasi, yadda na fahimce shi, shi ne ya cire wa ɗalibi tsoron aikinsa, ya nuna masa cewa abin da ya ɗinka ba dole ne ya zauna yadda yake ba. Takardun sun yi wa Hajiya wannan aikin. Bayansu ta yi yankan da ba za ta iya ba a da, amma a inda ragowar shago ce kaɗai. Ta cire yankin farar shaddar na sama gaba ɗaya, ta kuma zabge santimita 11 daga gefen dama, faɗin ya dawo 84. Da ta farke wannan gefen sai dalilin lanƙwasarsa ya bayyana. Ragowar da ke fita daga yankan wuya da siket mai buɗewa yawanci a karkace take da saƙar yadin, kuma ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin ƙafar keke. Biyar daga ƙyallayen gefen irin wannan ne, kowanne ya ƙara ɗan tsawo, suka taru suka zama lanƙwasa.

Kashi na uku na ƙasa, wanda ba a taɓa ɗinkawa ba, a nan ta sake wa darasin yanka da ido linzami. Ana ɗora ƙyalle biyu gefensu ya hau juna, a yanka su tare a lanƙwashe, sai bakunan biyu su dace in an haɗa. Wannan ya ba ta wuya fiye da komai, domin hannun da ya shekara ashirin yana miƙe layi ba ya yarda ya karkace da gangan. Da ta gama sai wata matsala ta fito: sama a miƙe, ƙasa a lanƙwashe, ana ganin inda hannun da ya tsaya da inda na yanzu ya karɓa. Ta ɗora wasu lanƙwasassun yankuna masu duhu a kan tsohon sashen, ta sa miƙaƙƙu biyu a cikin sabon. Ya rage, bai ɓace ba. Mai ido in ya tsaya zai nuna layin da yatsa.

Ciko da ɗinkin ƙarshe

Cikon auduga na naɗi da malamar ke amfani da shi ba ta same shi ba. Ta yi gwaji a kan ƙyallaye masu faɗin tafin hannu. Siririn soso ya kumbura, aikin ya koma zanen gado. Audugar rimi tana santsi tana taruwa wuri ɗaya sai an matse ta da layuka kusa da kusa, kuma wannan zai cinye hoton. Abin da ya zauna shi ne akoko ninki biyu da aka wanke har ya yi laushi, baya kuma yadin auduga mara zane. Ta shimfiɗa ukun a kan tabarma, ta kama su da dogon ɗinki na wucin gadi, daga tsakiya zuwa gefe, tazarar yatsu huɗu.

A aji da keken lantarki ake bin bargon, mai wata ƙafa ta musamman da ke jan sama da ƙasa tare. Keken taka na Hajiya haƙoransa ƙasa kaɗai suke ja, sama tana zamewa gaba ta yi ninki. Gwaji ɗaya ya isa ta ajiye keken. Da hannu ta bi shi, da zaren ɗinkin hula mai kauri, taku manya waɗanda ake gani daga nesa. Cikin kowane rami ta yi da'ira cikin da'ira da shuɗin zare, wanda ya mayar wa zanen ɗan motsin da wanki ya ɗauke masa, ko da yake ba sheƙin ba ne. A ƙasar kuma ta bi lanƙwasassun layuka har cikin tsohon sashen, kuma wannan ya haɗa sama da ƙasa fiye da yadda ɗore-ɗoren ƙyalle suka yi. Gargaɗi ɗaya na malamar ya tabbata a nan: inda ɗinki ya yi yawa yana tsukewa, inda ya yi kaɗan yana sakewa. Kusurwar hagu ta ƙasa, wajen ramin da ido ke sauka, ta fi ko'ina shan zare, sai ta ɗan janye.

Bakin ba ta yi masa gefe mai fitowa ba, shafi ta yi masa irin na bakin riga, ya juya baya, hoton ya kai har ƙarshe. A saman baya ta ɗinka aljihu mai faɗin santimita 10 inda sandar ratayewa ke shiga. Girman ƙarshe 122 ne da 82. A hoton baƙi da fari na ƙarshe ana iya ƙirga matakai biyar daga farar shaddar zuwa ramin, duhu ya taru a ƙasa yana raguwa zuwa sama.

Yana rataye a falonta, a bangon da rana ba ta bugawa, saboda baba da atamfa duka suna koɗewa. Ba za a wanke shi ba, in ƙurar hunturu ta hau sai a sauke a kaɗe. Kusurwar hagun har yanzu tana ɗagowa daga bango kimanin kaurin yatsa. Hajiya ta ƙi fesa masa ruwa ta ja shi ya miƙe yadda aka koyar a aji, don ƙyallayen da aka rina kwanan nan ba ta gama yarda da su ba. Shawarar da ta tsaya a kai ita ce ta buɗe shafin ƙasa ta zura siririn falankin katako daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma ta riga ta ba kafinta awon.